Tsohon ɗan daudu a layinmu ya ƙi zuwa asibiti, ya za mu yi?

Ummi Gangare:
Salam jama'a, shawara nake nema dan Allah banda zagi. Akwai wani dattijo a layinmu nan Jos, ɗan daudu ne kowa ya sani, tun muna yara yake sayar da tuwo da masa a bakin tasha. Yanzu ya tsufa, ga hawan jini ga suga ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa. Ba mata ba ɗa, dangi sun yafe shi tuntuni. Ya rantse ba zai ƙara taka asibiti ba, wai wancan karon ma'aikata kiran juna suka riƙa yi a zo a kalle shi, wata har tana kwaikwayon maganarsa, kuma yana tsoron a haɗa shi da 'yan sanda. Kemis kawai yake aika yara.

Sista Rahila:
Ummi ni nas ce. Gyambon nan shi ya fi tayar min da hankali, mai suga in ƙafa ta ruɓe yanke ta ake yi, kar ku wuce satin nan. Maganar 'yan sanda ki kwantar masa da hankali, dokar da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 kan auren jinsi ce da ƙungiyoyinsu da nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a, ba inda ta ce a hana mutum magani. A 2014 ɗin dai aka yi dokar lafiya ta ƙasa wadda ta wajabta mana rufe sirrin mara lafiya. In aka wulaƙanta shi asibitocin tarayya irin JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, suna da teburin SERVICOM na kai ƙorafi. Amma gaskiya abin da ya fi kashe irinsu rashin mai jinya ne, asibitinmu ai ɗan'uwanka ne zai karɓo kati ya bi layin biyan kuɗi ya sayo magani ya nemo jini ya kwana a ƙasa kusa da gado, wanda ba shi da kowa sai dai ya yi ta kallon silin. Shi ya sa suke zuwa mana a makare, ciwo ya gama cin jiki.

Abu Haidar:
To ku fara ce masa ya tuba tukuna.

Malam Sabo Bauchi Road:
Abu Haidar wa'azi da wurinsa, ni ma ban yarda da daudu ba. Amma maƙwabci ne kuma mara lafiya, haƙƙi biyu ke nan a wuyan mutanen layin, ba a ce sai salihi ake dubawa ba. In ƙafa ta warke sai ka je ka yi masa nasihar.

Maman Walid:
Ummi ina yaransa? Manyan 'yan daudu ai suna da 'ya'yan ɗaki da suka koya wa girki, a nemo ko ɗaya ne ya zauna da shi, shi zai fi sakin jiki da shi. Kuma ku je ofishin PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Filato, ku tambayi tsarin inshorar tsofaffi da marasa galihu, dokar inshora ta 2022 ta sa tsofaffi a ciki, sai dai fa ku shirya zirga-zirga.

Sista Rahila:
Na manta, a duba masa ƙirji da ido, shekara da shekaru a hayaƙin itace ba wasa ba ne. In yana shafa man bilicin ya gaya wa likita kar ya ji kunya, wasu mayukan suna tayar da suga da hawan jini. A yi gwajin HIV ma kamar kowa, maganin kyauta ne.

Ummi Gangare:
Na gode ƙwarai. Akwai yaronsa ɗaya a Bukuru, yayana zai neme shi gobe. Sista wace rana ce layin masu suga bai cika yawa ba? Baba ba ya iya doguwar tsayuwa.