Yaya cibiyar ƙwayar halitta take ɗaure da ƙwarangwal ɗinta?

Ɗaliba daga Birni:
Assalamu alaikum. Ina karatu a Jami'ar André Salifou nan Damagaram, kuma an koya mana cewa cibiyar ƙwayar halitta ba yawo take yi ba, ɗaure take da zaruruwan ƙwarangwal, wato zaruruwan furotin da ke tallafe ƙwayar daga ciki. Malamai, da me aka ɗaure ta, alhali tantani biyu ne suka lulluɓe ta?

Malami daga Zango:
Wa alaikumussalam, ƴata. Gada ce ta furotin da aka raɗa wa suna LINC a 2006. Furotin SUN yana zaune a tantanin ciki, riƙe da ragar furotin lamin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin tantanin, wani furotin mai suna nesprin kuma ya huda tantanin waje. A ratar da ke tsakani suke ƙulluwa. Nesprin 1 da 2 suna kama zaren ƙwarangwal da ake kira aktin, na 3 kuwa sai ta hanyar wani furotin mai suna plektin yake isa wani nau'in da ake kira matsakaitan zaruruwa.

Likita daga Sabon Gari:
Malam ya yi bayani. A ganina amfanin gadar ya fi fitowa a tsoka, domin lahani a lamin A ko emerin, furotin biyu da ke haɗe da gadar ta ɓangaren cibiya, yana haddasa ciwon shanyewar tsoka na Emery-Dreifuss, wanda yakan taɓa zuciya.

Ɗaliba daga Birni:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi.