Alƙaluman laifuka a darasin lissafi

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ina son ɗalibaina su koyi kaso da zanen jadawali da alƙaluman laifukan da 'yan sanda ke tattarawa a yankinmu. Shin akwai abin da ya kamata in kiyaye?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara nuna musu cewa adadi kaɗai yana yaudara. A misali, unguwa mai mutum 2,000 da aka yi sata 20 ta fi mai mutum 10,000 da sata 50 matsala, domin ta farko 10 ne cikin dubu, ta biyu kuwa 5. Haka kuma alƙaluman suna nuna abin da aka kai ƙara ne kawai.

Amsa ta biyu: Ni na gwada, Malam, amma na yi kuskuren barin sunayen unguwanni, sai aji ya juya yana kallon wata ɗaliba, ita kuwa ta sunkuyar da kai har aka tashi. Yanzu lambobi nake sa wa unguwannin.

Mai tambaya: Na gode, Malama. Zan fara sanar da shugaban makaranta.