Me za mu kira "cadet branch" da Hausa?

Jama'a, ina rubutu kan salsalar Richard mai sarautar York a Ingila, wanda aka kashe a yaƙin Wakefield a 1460, sai wannan kalma ta tsaya mini a maƙoshi. Asalinta Faransanci ne, kuma tana nufin zuri'ar da ta fito daga ƙaramin ɗa, ba daga ɗan fari ba. Kada wani ya kawo mini zancen ɗan makarantar soja, wannan wata ma'anar ce daban.

Ga yadda lamarin yake. Kakan Richard na wajen uba shi ne Edmund, na huɗu cikin 'ya'yan Sarki Edward na III maza da suka rayu. Gidan Lancaster da ke kan mulki a lokacin kuwa daga na uku ya fito, wato John na Gaunt.

Wani ɗan'uwa ya ba ni "ƙaramin reshe". Ana ganewa, amma bishiyar Bature ce aka tsiro da ita a tsakar gidanmu. Wata 'yar'uwa ta ce "ƙaramin gida". Na so shi da farko, sai na ga mai karatu zai ɗauka gidan talauci ake nufi, alhali Richard yana cikin manyan masu ƙasa a Ingila ta zamaninsa.

Ni dai na tsaya kan "gidan ƙani". Ai haka muke magana: a Sakkwato ana cewa gidan Bello da gidan Atiku, wa da ƙani, duk 'ya'yan Shehu. Ba sai an yi wa kowa dogon bayani ba.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne mahaifiyar Richard. Anne Mortimer tattaɓa-kunnen Lionel ce, ɗa na biyu, wan su John da Edmund duka. Ta nan Richard ya bi ya nemi gadon sarauta, har ɗansa ya zama Edward na IV a 1461. To da kalmarmu sai jimlar ta zauna daram: ta wajen uba ɗan gidan ƙani ne, ta wajen uwa kuma jinin wa ne.

Malamanmu, in akwai wadda ta fi wannan a bakin fadawa, ku jefo mana ita kafin Juma'a, ranar zan miƙa rubutun.