Baftismar masu bi a rani: shirin mutum da shirin ruwa

Mai bishara, wajen Marwa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Muna da sababbin masu bi da ke jiran baftisma kafin Ista, ga shi mayo, wato koginmu, ya ƙafe sai yashi. Iyayenmu da kuka daɗe a aikin nan, yaya ake yi?

Fasto, Garwa:
Ɗana, fara da mutum kafin ka nemi ruwa. A Ayyukan Manzanni 2:41, waɗanda suka karɓi maganar su aka yi wa baftisma. Bangaskiya ce gaba, ruwa na biye a matsayin shaida. Romawa 6:4 ta ce binne mu aka yi tare da Almasihu, ai kuwa ba a binne mai rai. Wanda bai rabu da tsohuwar rayuwa ba, da sauransa. Bayan ajin koyarwar baftisma, dattawa biyu su zauna da kowa shi kaɗai, da harshen da yake addu'a da shi, Fulatanci ne ko Giziga ko Tupuri. Kada ku tsaya kan amsar da aka haddace, ku ce ya faɗi da bakinsa wane ne Yesu a gare shi. In katin baftisma yake nema don ɗaurin aure, a jinkirta, amma cikin ƙauna, a ci gaba da koya masa.

Dattijo, Kuseri:
Masu zuwa kogin Logon ko Shari, a aika mutum biyu da sanda tun jajibere su taka wurin. Yashi mai tauri ake so, laka tana riƙe ƙafa. Ruwa ya kai tsakanin ƙugu da ƙirji. A tambayi masunta inda dorina take kwana. Ruwan da ya kwanta mai dodon koɗi a guje shi saboda tsargiya. Ku na Garwa kun san halin Binuwai in an saki ruwan madatsar Lagdo a ƙarshen damina, ba lokacin shiga ba ne.

Dikon, Marwa:
Malam, inda ba kogi sai kwarmi. Tsawo mita 2, faɗi mita 1, zurfi mita 1, da matakala uku a gefe ɗaya, a shafe da siminti. In an cika shi zuwa santimita 90, lita 1,800 ke nan, wato duro 9 na lita 200. Kuskuren da aka fi yi shi ne rowar ruwa. In ya tsaya a gwiwa, nauyin mutum duka a hannun fasto yake, shi ya sa ake zamewa, ko kai ya bugi bango. Ruwa mai zurfi shi ke taya ɗagawa. A bar ƙasan da kaushi, kada a goge shi sumul. Makirfo mai waya kuwa kada ya kusanci wanda ke cikin ruwa ko kaɗan, lantarki yana kisa.

Shugabar zumuntar mata, Yagwa:
Baba Fasto, ku yi haƙuri in ƙara abin da maza kan manta. Farin yadi marar kauri in ya jiƙe ba ya rufe komai, zane kuma yana tasowa sama. Mace ta sa baƙin wando da riga mai kauri a ciki, a ɗaure zanen tam. Mata biyu su tsaya a bakin ruwa da babban zane, tana fitowa a lulluɓe ta. A kafa zana biyu na canja kaya, nesa da juna. Ranar farin ciki ce, bai kamata yarinya ta tuna ta da kunya ba.

Fasto, Garwa:
Mama, gaskiyarki. Ga yadda ake nutsarwa. Mai karɓa ya toshe hanci da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe wuyan hannun fasto. Fasto ya sa tafinsa tsakanin kafaɗunsa, ya tambaye shi bangaskiyarsa a gaban jama'a, sannan ya ce cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, bisa Matiyu 28:19. Mai karɓa ya lanƙwasa gwiwa kamar mai zama kan kujera. In ya sandare, ƙafafunsa za su taso. A kogi, kansa ya nufi inda ruwa ke fitowa, don kada ya shige masa hanci. Tsoho, mai ciki da mai jin tsoro su durƙusa a sunkuyar da su ta gaba. A gwada duk wannan a tudu kwana ɗaya kafin ranar.

Mai bishara:
Na gode Baba. To wanda aka yi masa tun yana jariri fa?

Malamin makarantar Littafi Mai Tsarki, Njamena:
Nan sai a hankali, ɗan'uwa. Katolika da Lutheran suna yi wa jarirai, a wurinsu kuma an gama, ba a maimaitawa. Wannan saɓani tsoho ne: a Zurik ta ƙasar Switzerland a 1525 wasu suka fara yi wa juna baftisma suna manya, aka tsananta musu ƙwarai a kai. Mu muna ganin sai wanda ya furta da kansa, amma kada a ce wa mutum iyayensa sun ɓata shi. A buɗe masa Nassi, a ba shi lokaci, a kuma bi tsarin ikilisiyarku. Ranar baftisma a rubuta suna, wuri, kwanan wata da sunan faston a rajista kafin a watse. Sannan a haɗa kowane sabo da dattijo ko uwa guda da za ta riƙa bibiyarsa, a shigar da shi Jibin Ubangiji na gaba, wato cin gurasa da shan ƙoƙo na tunawa da Almasihu.