Tsofaffin hotunan Burma: me ya sa ba mutane a cikinsu?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masana ku taimaka min. Kakanmu yana cikin sojojin da Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Burma, shi ne nake ta binciken ƙasar a intanet har na ci karo da wasu hotuna na zamanin mulkin mallaka, wuraren ibadarsu masu tsini da gidajen sufaye da kogin Irawadi, wlh sun yi kyau amma abin da ya ɗaure min kai kusan duk ba mutane a ciki, gari wayam. Korarsu ake yi kafin a ɗauka ko yaya?

Mai Hoto Sabongari:
Wa alaikumus salam. Ba kora ba ce ɗan'uwa, aikin kyamarar ne. Ina zaton na Linnaeus Tripe ka gani, hafsan sojan Ingila da ya bi tawagar Arthur Phayre zuwa fadar Sarki Mindon a Amarapura a 1855. Lokacin babu fim, negatif ɗin takarda ce da aka shafa wa kakin zuma da sinadarai, kuma sai an bar idon kyamara a buɗe na tsawon lokaci kafin hoto ya kama, to duk abin da ke motsi ɓacewa yake, mai wucewa ko ya fito inuwa-inuwa ko babu shi sam, shi kansa ruwan kogi in ka lura kwance yake sumul. Gini ne kaɗai ke iya tsayawa. Ya ɗauki sama da 200, aka fitar da 120.

Malama Ummi:
Haka ne malam, amma a tambaya don wa aka ɗauka? A 1852 fa Turawan Ingila suka ƙwace kudancin ƙasar, tawagar nan kuma ta zo ne har da ƙare wa sauran kallo. A 1885 suka ci Mandale, suka tura Sarki Thibaw Indiya, fadarsa ta koma Fort Dufferin har da kulob ɗinsu a ciki. Daga baya Felice Beato ya buɗe shago a garin yana sayar wa Turawa hotuna. Ni in na kalle su zuciyata sai ta koma kan 1903, lokacin da suka ci Kano, da ganuwarmu, gaskiya abin yana min ciwo.

Baba Sani Gwale:
'Yata ban ƙi ta taki ba, sai dai da babu hotunan nan da asarar ta fi haka. Fadar Mandale da katakon tik aka gina ta, ta ƙone ƙurmus a Maris 1945 ana tsakiyar yaƙi, gidan sufaye na Atumashi shi tun 1890 wuta ta cinye shi. Gidan sufaye na Shwenandaw ne ya tsira don Thibaw ya sa an ciro shi daga cikin fada tun da wuri, je ka duba sassaƙar da ke jikin ƙofofinsa ka ga aikin hannu.

Kai kuma Ɗan Fagge, yawancin mutanenmu runduna ta 81 da ta 82 suke, a yankin Arakan suka yi faɗa, su suka ci Myohaung a Janairun 1945. Yanzu Mrauk U ake ce wa garin, da wannan sunan za ka nema.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Baba. Akwai lambobinsa na yabo a wajen gwaggona a Kurna, bari in je in duba ko takardar sallamarsa na tare da su in ga rundunarsa.