Wa'adin kai ƙarar wariya saboda nakasa a wurin aiki: abin da ya same mu a Birtaniya

Mai buɗe zancen:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina fama da cutar sikila, kuma da na roƙi a cire ni daga aikin dare a ma'ajiyar kayan da nake aiki, saboda sanyin wurin yana tayar mini da ciwo, manaja ya ƙi, daga baya aka sallame ni bisa yawan fashin aiki. Na shigar da koke a cikin kamfanin na zauna jiran amsa, ashe kwanakin kai ƙara suna ta tafiya ban sani ba. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimake ni da abin da ya gani.

Wata 'yar'uwa daga Landan:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba ki lafiya. Lokacin da nawa ya faru, wa'adin a ƙarƙashin Dokar Daidaito ta 2010 wata uku ne, a cire kwana ɗaya. An sallame ni ranar 10 ga Maris, saboda haka 9 ga Yuni ce ranar ƙarshe, kuma da jan biro na zagaye ta a kalanda. Koken cikin kamfani ba ya dakatar da lissafin ko kaɗan. Sanar da hukumar sasanci ta ACAS ne yake dakatar da shi, kuma lambar takardar shaidar da za su ba ki ake rubutawa a fom ɗin ET1 na kotun ma'aikata. Ki tuntuɓe su yau, kada ki jira kamfani.

Wani ɗan'uwa:
Ni na makara da mako uku domin ina kwance a asibiti bayan tiyata. Alƙali ya karɓi ƙarar tawa, tunda doka ta ba shi damar ƙara lokaci idan ya ga adalci ne, amma sai da na gabatar da takardar sallama daga asibiti da wasiƙar likita, lauyan kamfanin kuma ya yi mini tambayoyi a kan kowane mako da ya wuce. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ciwon da aka wulaƙanta ni saboda shi, shi ne ya hana ni zuwa da wuri. Kada ki dogara da wannan sassauci, 'yar'uwa, ba kowa ake yi wa ba.

Mai buɗe zancen:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba wasiƙar sallamata, saura kwana 12, kuma yanzu na gama cike fom ɗin ACAS.