Wa na baƙauye? Yadda sakamakon 'yan majalisar jiha ya hargitsa zaurenmu

Zauren WhatsApp na majalisarmu ta bakin teburin mai shayi bai taɓa cika irin na daren Litinin, 20 ga Maris 2023 ba, kwana biyu bayan zaɓen gwamnan Sakkwato da na 'yan majalisar jiha. Ni ke riƙe da zauren. Dokarmu ɗaya ce: ba a kiran sunan ɗan takarar mazaɓa, don duk wanda ka zaga, akwai surukinsa a ciki. Na kwafo abin da aka yi, na cire gaisuwa da saƙonnin murya.

Ɗan Birni: Wallahi na gama da siyasa. Kwana biyu ban runtsa ba. Tun asubar Asabar nike tsaye bakin akwati ina wakiltar ogana, ruwan leda kawai nis sha. Akwatunan cikin gari duk mun ci, takardar sakamako tana aljihuna da sa hannun kowa. Anka je wurin tattarawa, ƙuri'un ƙauyawa sunka shigo, shi ke nan kujera ta tahi. Mutum mai digiri biyu an kada shi da taliya da sabulu. In haka anka cika majalisa, wa zai tashi ya tambayi gwamna inda kuɗi sunka shiga? Amshin shata za a yi shekara huɗu.

Lauya: Sannu da ƙoƙari. Ka adana takardar nan, kar ta jiƙe. Ogan naka yana da kwana 21 daga ranar da aka sanar da sakamako ya kai ƙara kotun zaɓe, ita kuma tana da kwana 180 ta yanke hukunci. Shari'ar ɗan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli.

Ɗan Rabah: Dakata Lauya. Ɗan Birni, maimaita muna. Ƙuri'un su wa kac ce?

Ɗan Birni: Ka iya karatu ai.

Ɗan Rabah: Na iya, a ƙauye nik koya. Su wa na ƙauyawa?

Kawu Direba: Ni ma tambayata ke nan. Yaro, gyara bakinka tun dare bai yi ba.

Ɗan Birni: Kawu, ba da kai nike ba. Waɗanda sunka sai da 'yancinsu nike nuhi.

Kawu Direba: To ka ce masu sai da ƙuri'a. Mi yak kawo ƙauye ciki? Shekara 26 ina bisa hanyar Illela da mota. Albasar da kake ci, gero, shinkahwa, ragon Layya, wane ne anka noma ko anka kiwata a Kanwuri?

Ɗan Rabah: Ku bar ni da shi. Sardauna a Rabah anka haihe shi. Sarkin Musulmi Abubakar na uku, wanda yay yi shekara 50 bisa gado, a Dange. Shehu Shagari sunan garinsu yaɗ ɗauka har fadar shugaban ƙasa. Shehu Usmanu kansa daga Degel yat taso, birnin ga da kake taƙama da shi sai 1809 Muhammadu Bello yag gina shi, shi kuwa Bellon a Wurno yake kwance. To hwaɗa muna wane ne baƙauye cikinsu.

Auta: Wuta! Ɗan Rabah ka gama da shi.

Ɗan Birni: Ka ɗauko manyan bayin Allah ka jingina da buhun taliya. Su ne sunka tsaya layi ranar Asabar?

Ɗan Rabah: Jikokinsu ne sunka tsaya.

Baban Walid: Ku ƙara da wannan. Tun 1999 gwamnoninmu Bafarawa, Wamakko, Tambuwal. Duk sunan gari ne. Shekara 24 kuna yi musu "sai kai", ba wanda ya tuna da ƙauye sai yau da kuka faɗi.

Lauya: Ni dai ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya tayar shi ne ko majalisa za ta iya taka wa gwamna burki. Kuma ko a lissafi maganarsa ba ta zauna ba. Ƙananan hukumomi 23 ne, kujeru 30. Bakwai ke da kujera biyu-biyu: Bodinga, Gada, Gwadabawa, Sabon Birni, Tambuwal, Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu. Ke nan ƙwaryar birni kujera 4 gare ta. Sauran 26 ɗin daga ina kake so ƙuri'arsu ta fito?

Auta: "Ta fito." "26 ɗin." Lauya, Kano kaz zo ko Kano tab biyo ka? Nan "hito" muka cewa.

Lauya: Karatu na yi a can, ba laifi ba ne.

Auta: Shi ya sa. Wanda yab bar harshen uwarshi ai shi na baƙauye na gaskiya.

Lauya: Uwata 'yar Gidan Igwai ce, ka kiyaye.

Auta: Allah ya ba Inna haƙuri, da kai nike.

Hajiya Mai Atamfa: Ku yara kuna ta surutu, ba wanda ya tsaya layin mata. Ni na tsaya tun ƙarfe takwas har azahar, na'urar nan ta BVAS ta ƙi yatsana sau uku saboda lalle, sai da fuska ta karɓe ni. Kuma a tsakiyar gari nake. Abin da idona ya gani a lungun bayan makarantar, ba a ƙauye aka yi shi ba. Mata da mayafi mai tsada suna shiga suna fitowa da leda. Ban ce ga wanda ya raba ba.

Baban Walid: 'Yan lema ne, Hajiya, faɗi kawai.

Ɗan Birni: Ƙarya ne, 'yan tsintsiya ne. Ina da bidiyo.

Baban Walid: Turo.

Ɗan Birni: Yana wayar wani abokina.

Baban Walid: To ni ma nawa yana wayar kakata.

Hajiya Mai Atamfa: Ledar ba ta da tambari, 'ya'yana. Kuma wadda ta karɓa a hannun dama na gan ta ta karɓa a hagu.

Kawu Direba: Kuma ku tuna halin da anka yi zaɓen ga. Wata biyu ba takardar kuɗi hannun mutane saboda canjin naira. Na ga tsoho ya kawo akuya kasuwa, mai saye ya ce sai tiransifa, shi ko waya ba ya da ita, yaj ja akuyarshi yak koma. Wanga mutum in an miƙa mai taliya ya amsa, kai da kake cin abinci sau ukku za ka zage shi? Mutanen Isa da Sabon Birni da 'yan bindiga sunka hana noma, waɗansu ba su kwana gidajensu, su ma ƙauyawa ne ko?

Ɗan Birni: Kawu, kana juya min magana.

Kawu Direba: Ba ni juya ta, kai kaɗ ɗaure ta a karkace.

Malam: Assalamu alaikum. Azumi saura kwana biyu ko uku, ku ji tsoron Allah. Hadisi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, bai ware na birni ko na ƙauye ba. Kuma raina mutum don garinsu jahiliyya ce.

Baban Walid: Allah ya gafarta Malam, amma ranar Juma'ar da ta wuce an ji inda huɗubarku ta karkata.

Malam: Ban kira sunan kowa ba.

Baban Walid: Ba sai an kira ba, Malam. Har launin rawani an gani.

Malam: Na bar ka da Allah.

(Malam ya fita daga zauren. Na mayar da shi. Ya sake fita.)

Lauya: Don Allah mu koma kan majalisa. Ku tuna 2019. Tambuwal na PDP ya ci da tazarar ƙuri'a 342 kacal bayan an sake zaɓe a wasu akwatuna, amma a majalisa APC ke da 16, PDP 14. Kowa ya ce gwamna ya shiga uku. Da aka zo zaɓen shugabanni, Aminu Achida na APC ya zama kakaki, mataimakinsa ɗan PDP, aka zauna lafiya, daga baya kakakin ma ya koma PDP. Ke nan ko 'yan adawa sun fi yawa, ba shi ke sa a binciki kasafin kuɗi ba. Yanzu Ahmad Aliyu na APC ya ci gwamna da 453,661, Sa'idu Umar na PDP yana da 404,632, tazarar dubu 49. Wa ke da cikakken jerin kujeru 30 ɗin mu gani?

Auta: Mun kwashe, shi na jeri. Sai Alu!

Ɗan Birni: Kun kwashe a jihar da Atiku yac ci wata ɗaya da ya wuce? A jihar da anka ce zaɓen sanatoci da 'yan majalisar tarayya duk bai kammala ba, har anka dakatar da kwamishinan zaɓe? Ku bari a yi cikon tukuna.

Auta: Atiku da ƙuri'a dubu uku yat tsira. Kuma su wa sunka ba shi? Ba ƙauyawan ba? Ran nan 'yan Aljanna ne, yau 'yan taliya.

Ɗan Rabah: Ni har yanzu ban ji amsa ba. Wa na baƙauye?

Ɗan Birni: Kai Ɗan Rabah ka ishe ni. Baƙauye hali ne, ba gari ba. Akwai baƙauye a Abuja.

Ɗan Rabah: Yanzu kuma hali ne. Ɗazu da kac ce "ƙuri'un ƙauyawa sunka shigo", hali ne yas shigo cikin akwati bisa babur?

Baban Walid: Tunda abin ya kai nan, bari in tambaya. Ɗan Birni, daren Juma'a wa ya ari Keke Napep ɗin ƙanena ya yi sawu huɗu da kwalaye? Me ke cikin kwalayen, Alƙur'ani?

Ɗan Birni: Kayan walwalar wakilai ne.

Baban Walid: Wakilai nawa gare ku da za su ci kwali arba'in? Kuma kuɗin man, dubu uku, har yau yaron yana jira.

Ɗan Birni: Wannan tsakanina da ƙanenka ne. Ka biya Hajiya kuɗin atamfar matarka tukuna.

Hajiya Mai Atamfa: Kar ku sa ni ciki. Amma tunda an faɗa, turmi biyu ne, Baban Walid, tun Sallar bara.

Kawu Direba: Ɗan Birni, ni nik kai mahaihiyarka gida bikin ƙanwarka. Daga bakin kwalta sai da munka yi tahiyar rabin awa cikin yashi, mota tana nutsewa, yara suna turawa. Ita ma ta yi zaɓe ranar Asabar. In gaya mata abin da kak kira ta?

(Ɗan Birni ya goge saƙonsa na farko. Auta ya turo hoton saƙon da ya riga ya ɗauka.)

Ɗan Birni: Duk ku taru ku ci kanku. Shekara huɗu kamar gobe ne.

Ƙarfe ɗaya saura na rufe zauren, na rubuta musu taƙaitawa kamar yadda muka saba:

Jama'a, ga abin da aka cimma. An tabbatar da hujjoji na tarihi cewa mutanen karkara su ne asalin Sakkwato, kuma Ɗan Rabah da Kawu sun yi magana ta hankali, Allah ya saka musu. An tabbatar cewa mutanen ƙauye ba su sayar da komai ba, sun zaɓi canji ne da idonsu biyu, kuma wanda ya sha kaye ya rungumi ƙaddara. Zargin taliya ba a kawo bidiyo ba, don haka ya faɗi, sai dai kwalaye arba'in na daren Juma'a, wannan kam akwai shaida. Maganar Hajiya ta hannun dama da hagu ba a gane ta sosai ba, mun bar ta. Lauya ya kawo lissafi mai yawa, mun gode, wanda ya fahimta ya yi amfani da shi. Masu cewa na goyi bayan wani ɓangare don ni mutumin Wurno ne, ko don an ga tsintsiya a jikin babur ɗina, su sani yara ne suka liƙa.

Ɗan Birni zai huta kwana uku a waje, sai ya ba Kawu haƙuri a gaban mai shayi. Baban Walid ya je ya ga Hajiya kafin a ga wata. Wanda ke da lambar Malam ta biyu ya turo min.